Ɓera Ne Ko Dangin Kangaru? Ƙananan Dabbobin Dajin Arewacin Ostireliya

Jama'a, barkanmu da warhaka. Dajin da za mu leƙa shi ne gandun Kakadu, gabas da birnin Darwin a arewacin Ostireliya. Doguwar ciyawa ce da itatuwan turare jefi-jefi, damina daga Nuwamba zuwa Afrilu, rani kuma ya zo da gobara.

Masu bincike kan ɗana tarkunansu da yamma, 'yan akwatunan ƙarfe da aka sa wa markaɗen gyaɗa da zuma. Da asuba a buɗe, sai ga wata 'yar aba toka-toka mai wutsiya. Kowa ya gani zai ce ɓera ne. Wani lokacin kuwa ko kusa ba ta haɗa jini da ɓera ba, dangin kangaru ce, masu haihuwar 'ya'ya tun ba su gama ƙosawa ba su ƙarasa raino a manne da nono.

Kada ku ɓata lokaci wajen neman jakar ciki. Namiji ba shi da ita, mata da yawa kuma 'yar tattarar fata ce kawai da ke fitowa lokacin haihuwa. Baki za ku duba.

Ɓera, ko wane iri ne, haƙoran gabansa huɗu ne: biyu sama, biyu ƙasa, masu ruwan ɗorawa, kaifi kamar kurfi, kuma ba sa daina tsiro. Bayansu giɓi ne har zuwa turame. Ba shi da fiƙa ko ɗaya. To ku dubi bakin ɗan dangin kangarun nan. Ƙananan haƙoran gaba takwas a sama, shida a ƙasa, ga fiƙoƙi, ba giɓi. Wannan mafarauci ne, abincinsa fara da gizo-gizo da 'yan ƙadangaru. Bakinsa dogo mai tsini, wanda ya san jaba zai ga kamar, ko da yake ba danginta ba ne.

In ta ƙi buɗe baki, a ƙirga yatsun ƙafar gaba. Biyar cif, dangin kangaru ce. Huɗu da ɗan dungu, ɓera ne.

Cikin masu fiƙa, wanda ya fi burge ni shi ne planigel mai doguwar wutsiya. Nauyinsa wajen giram 4, babu wanda ya kai shi ƙanƙanta a duk dangin. Kansa a baje yake, kaurinsa milimita 3 zuwa 4, domin a cikin tsagar baƙar laka yake farauta idan rani ya dararraje ta. Mai manyan idanu da kunnuwa da jan kumatu kuwa dunat ne. Akwai kuma antekinas, wanda mazansa kan mutu gaba ɗaya bayan lokacin barbara, shi ya sa a wasu watanni mata kaɗai ke faɗa wa tarko.

Ɓerayen nan ma 'yan ƙasa ne, kakanninsu sun tsallako daga Asiya shekaru miliyoyi da suka wuce. Su wutsiya ce ke tona asirinsu. Ɓeran duwatsu gindin wutsiyarsa a kumbure yake da kitse, kuma fatarta na saurin saluɓewa, don haka ba a riƙe shi ta nan. Ɓeran bishiya mai baƙaƙen ƙafafu ƙato ne, yakan haura rabin kilo, wutsiyarsa baƙa mai farin gashi a ƙarshe. Melomis kuwa wutsiyarsa kusan tsirara take, ɓawonta a jere gefe da gefe, ba wani a kan wani ba.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne tsakanin 'yan mitsi-mitsin ɓerayen daji da ɓeran gida da ya biyo jiragen Turawa. Ɓeran gida yana da wari, yana kuma da 'yar tsaga a bayan haƙoransa na sama. Macensa nonuwa goma gare ta, ta daji huɗu.

Wannan na ƙarshe ba ya ɓuya. Kwal ne, shi ma dangin kangaru, jiki ruwan ƙasa da fararen ɗigo-ɗigo, wutsiya ba ɗigo, babbansa yakan kai kilo guda. Sai dai ganinsa ya yi wuya. A 1935 aka shigo da wani kwaɗo mai guba jihar Kwinsland don ya cinye ƙwarin gonakin rake. Kwaɗon ya yi ta yaɗuwa yamma har ya iso Kakadu a 2001, kwal kuwa in ya cije shi sai mutuwa. Ga kuliyoyin da suka koma daji, ga gobarar ƙarshen rani mai cinye mafaka. A wurare da dama na gandun, tarkunan da a da ke cika yanzu wayam ake tarar da su.