Olimfiya da Rafah: Garin da Ya Tare Yaƙi a Ƙofar Gidansa

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan bangon da kyau. Itacen zaitun ne aka zana, ya cinye gefen gini guda, kuma ganyayen da ke rassansa sun haura 150, kowanne da ƙungiya ko mai zanen da ya yi shi. Wanda ya ga hoton zai ɗauka a Ramallah aka ɗauke shi. To a Amurka yake, a tsakiyar wani gari da ake kira Olimfiya, kuma tun 2010 yake nan.

Olimfiya ita ce hedikwatar jihar Washinton, can arewa maso yammacin Amurka. Kada a haɗa ta da birnin Washinton na fadar shugaban ƙasa, tsakaninsu tafiyar kusan awa biyar ce a jirgin sama. Mutanen garin ba su wuce 55,000 da ɗoriya ba a ƙidayar 2020, wato akwai unguwannin Kano da suka fi shi jama'a. To me ya haɗa ɗan wannan gari da Rafah, wadda ke ƙarshen Zirin Gaza a kan iyakar Masar?

Wata yarinya ce ta haɗa su. Sunanta Rachel Corrie, an haife ta a Olimfiya a 1979. Akwai bidiyonta tana 'yar shekara 10, ta tsaya gaban jama'a a wani taron makarantarsu tana cewa burinta a ga bayan yunwa a duniya kafin shekara ta 2000. Da ta girma ta shiga kwalejin Evergreen da ke garin, ta faɗa cikin masu fafutukar zaman lafiya a daidai lokacin da gwamnatin George Bush ke kaɗa gangar yaƙin Iraƙi. Ita ce ta zo da tunanin a ƙulla ƙawance tsakanin garinsu da Rafah, yara su riƙa rubuta wa juna wasiƙa, manya su san juna. Zumunta kuwa a ƙafa take. A watan Janairun 2003 ta ɗauki jakarta ta tafi, ta bi wata ƙungiya mai suna International Solidarity Movement, ISM a taƙaice, wadda Falasɗinawa ke jagoranta, baƙi 'yan sa-kai kuma ke shiga. Dabarar ƙungiyar ba ta da wuyar ganewa: idan akwai baƙo mai fasfon Amurka ko Ingila a wuri, ana sa ran soja zai yi tunani sau biyu kafin ya harba.

Sai mun san yadda Rafah take a lokacin kafin mu gane abin da ya biyo baya. A 1982, da Isra'ila ta janye daga Sinai, aka ja iyaka ta tsakiyar garin, wani sashe a Masar, wani a Gaza, 'yan gida ɗaya suka koma suna kiran juna ta bayan waya mai ƙaya. Sojojin Isra'ila suka riƙe wani siririn zirin ƙasa a bakin iyakar, mai tsawon kimanin kilomita 14, wanda ake kira Filadelfi. Da intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa, ta ɓarke a 2000, sai suka shiga faɗaɗa shi ta hanyar rushe gidajen da ke kusa. Hujjarsu ita ce ana haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ana shigo da makamai, ana kuma harbinsu daga cikin gidajen. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bincike a 2004, ta ce an rushe gidaje sama da 2,500 a Gaza cikin shekara huɗu, kusan kashi biyu cikin uku a Rafah, mutum 16,000 suka rasa matsuguni. Ta kuma ce an rushe mafi yawansu ba tare da wata larurar soja ba.

Aikin Rachel a can bai wuce zama da mutane ba. Tana kwana a gidajen da ake tsoron za a rushe. Tana raka ma'aikatan ruwa na garin idan za su gyara rijiya, don kada a harbe su suna aiki. Tana rubuto wa iyayenta saƙon imel, kuma a ɗaya daga ciki ta ba su labarin wani yaro ɗan shekara 8 mai suna Ali, da aka harbe daga tankar yaƙi kwana biyu kafin isowarta, yaran unguwa na ta raɗa mata sunansa. Ku riƙe sunan nan. Duniya ta san sunan Rachel ne saboda Ba'amurkiya ce, ita da kanta ta san da haka tun tana raye, shi ya sa take rubuta sunayen waɗanda ba za a ji su a labarai ba.

Ran 16 ga Maris 2003, da yamma, ta tsaya gaban gidan wani mai harhaɗa magunguna, gidan da ta sha kwana tare da iyalinsa. Tana sanye da riga mai ruwan lemo, irin mai ƙyalli ɗin nan ta ma'aikatan titi. Ita da abokan tafiyarta sun shafe sa'o'i suna shan gaban motocin rusau, suna magana ta lasifika. Motar da ta tunkaro ta, mu Hausawa mun san sunanta sarai. Katafila muke ce mata, kuma kalmar daga sunan kamfanin Caterpillar na Amurka ta samo asali. Sai dai wannan samfurin D9 ce da aka lulluɓe da sulke don aikin soja. Katafilar ta turo tarin ƙasa, ta bi ta kanta. Aka garzaya da ita asibitin Najjar da ke Rafah, a nan rai ya yi halinsa, tana da shekara 23. Abokanta da suka ga abin sun ce babu yadda za a yi direban bai gan ta ba. Rundunar sojan Isra'ila ta ce bai gan ta ba, haɗari ne. Kwana huɗu bayan haka Amurka ta afka wa Iraƙi, labarinta ya nutse cikin ƙarar bama-bamai. Makonni kaɗan kuma aka harbi Tom Hurndall, ɗan Ingila, a ka, a wannan Rafah ɗin, yana ƙoƙarin janye yara daga inda ake harbi. Gidan da Rachel ta tsaya dominsa ma daga baya an rushe shi.

Iyayenta, Cindy da Craig Corrie, sun bi shari'a har ƙarshenta. A Amurka sun kai Caterpillar ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta kore ta a 2007, tana cewa gwamnatin Amurka ce ta biya kuɗin motocin, don haka magana ce ta siyasar waje, ba hurumin alƙali ba. A Isra'ila diyyar dala ɗaya tak suka nema, don a amsa laifi kawai. Kotun Haifa ta wanke gwamnati a watan Agustan 2012, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2015.

Yanzu mu koma Olimfiya, don a nan ne abin da ya sa na haɗa wannan bidiyo yake. Mutanen garin ba su tsaya a zaman makoki ba, ba su kuma zauna jiran Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Tambayar da suka yi wa kansu ita ce: ta ina yaƙin nan yake bi ta garinmu?

Amsa ta farko tana bakin ruwa. Kusa da Olimfiya akwai wani babban sansanin soja, wanda a lokacin ake kira Fort Lewis, kuma a shekarun yaƙin Iraƙi ta tashar jiragen ruwan garin aka riƙa loda wasu kayan yaƙi zuwa can. Tashar mallakar jama'a ce, masu zaɓe ne ke zaɓen shugabanninta. Sai da aka yi ta rubuta takardun koke, aka yi ta zuwa tarukan hukumar tashar ana roƙo, ba a samu kunnen saurare ba. A watan Mayun 2006, da aka fara jero motoci masu sulke samfurin Stryker za a sa su a jirgi, mutane suka fito suka zauna a kan titi. Ɗalibai, tsofaffi, iyaye mata, har da tsofaffin sojoji. Kusan kwana goma ana wannan dambarwa, 'yan sanda na fesa musu barkono a ido, suka kama kusan mutum 40. Jirgin ya tafi da kayansa, ba su hana ba. Amma a shekarar da ta biyo baya sojoji suka karkata zuwa tashar Takoma, masu zanga-zangar suka bi su can. A watan Nuwamban 2007 wani jirgi ya dawo da motocin daga Iraƙi ta Olimfiya, za a gyara su a sake turawa, aka sake tare hanya kusan mako biyu. A dare ɗaya mata kusan 40 suka sarƙe hannuwansu suka zauna a ƙofar tashar, sai da aka ɗebe su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sojoji suka ɗauki shekaru suna kauce wa tashar. Abin ya dami hukuma har a 2009 aka gano cewa wani ma'aikacin sansanin ya shiga cikinsu da sunan ƙarya, yana halartar tarukansu yana kai rahoto.

Za ku ce ina ruwan yaƙin Iraƙi da Falasɗinu? A wurinsu aljihu ɗaya ne ke biya. Harajin da ya sayi Stryker shi ya sayi katafilar Rafah. Yanzu haka Amurka na ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 3.8 duk shekara, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2016.

Wuri na biyu shi ne majalisar gari. Masu neman cika burin Rachel suka kai buƙatar a amince da Rafah a matsayin ƙawar Olimfiya a hukumance. A watan Afrilun 2007 zauren ya cika maƙil, aka yi muhawara mai zafi, kansiloli huɗu suka ƙi, biyu suka yarda. An kayar da su, amma ba su watse ba. Suka ci gaba da ƙawancen ba da hatimin gwamnati ba, kuma daga cikin wannan aiki ne bangon zaitun da muka fara da shi ya fito.

Na uku, wanda ya fi kowanne jawo ƙura, kantin sayar da abinci ne. Olympia Food Co-op kanti ne na gama-kai, masu sayayya a cikinsa su ne masu shi. Tun a 2005 ƙungiyoyin Falasɗinawa sama da 170 suka yi kira ga duniya da ta ƙaurace wa kayan Isra'ila, irin yadda aka yi wa Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata. Ran 31 ga Mayu 2010 sojojin Isra'ila suka dira kan jirgin agaji na Mavi Marmara da ke kan hanyar Gaza, suka kashe mutum tara nan take. Kwanaki kaɗan bayan haka suka tare wani jirgin agajin, wanda aka raɗa wa sunan Rachel Corrie. A watan Yuli hukumar kantin ta yanke shawarar sauke kayan Isra'ila daga kanta, ta zama kantin abinci na farko a Amurka da ya yi haka.

Kayan fa ba su taka kara sun karya ba, ba su ma kai iri goma ba. Tattalin arzikin Isra'ila bai ji ko ɗar ba. Amma ku ga abin da ya biyo baya. A 2011 mambobi biyar suka maka mutum 16 daga shugabannin kantin a kotu, suna cewa an saɓa dokar ƙungiya, ba a nemi yardar dukkan ma'aikata ba. Su waɗanda aka kai ƙarar 'yan sa-kai ne, ba albashi suke karɓa ba. Aka kori ƙarar a 2012, Kotun Ƙolin jihar ta soke dokar da aka dogara da ita wajen korar ƙarar a 2015, aka dawo farko, aka sake korar ta a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020. Kusan shekara tara mutum na kwana da shari'a a wuyansa saboda ya cire 'yan kwalaye daga kanta. Ni a ganina wannan jimirin ya fi fitowa zanga-zangar yini ɗaya wuya, domin a nan babu kyamara, babu taken da ake rerawa, sai takardun lauya da maƙwabtan da suka daina gaisawa da kai. Kuma a faɗi gaskiya, garin ya rabu a kan batun, har Yahudawan garin sun kasu, wasu na goyon baya, wasu na ganin an ware su.

Su ma mutanen Rafah ba su manta ba. Sun riƙa shirya gasar ƙwallon ƙafa da azumi da sunan Rachel, a Ramallah kuma aka sa wa wani titi sunanta a 2010.

Sai ga yaƙin da ya ɓarke bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023. Mutum sama da miliyan ɗaya suka gudo Rafah, saboda an ce musu su yi kudu. A watan Afrilun 2024 ɗaliban Evergreen suka kafa tantuna a harabar kwalejin, cikin kwanaki hukumar makarantar ta zauna da su, ta sa hannu cewa za ta yi kira a tsagaita wuta, ta kuma duba inda take zuba jarinta. Mako guda bayan haka tankokin Isra'ila suka kama mashigar Rafah. Ran 24 ga Mayu Kotun Duniya, a ƙarar da Afirka ta Kudu ta shigar, ta umarci a dakatar da farmakin. Bayan kwana biyu wuta ta cinye tantunan 'yan gudun hijira a Tal al-Sultan sakamakon wani hari ta sama, mutum aƙalla 45 suka rasu. Hotunan tauraron ɗan Adam da kuke gani yanzu na Rafah ne. Unguwannin da Rachel ta kwana a cikinsu sun zama fili da ɓaraguzai.

Ran 6 ga Satumban 2024, a garin Beita kusa da Nablus, wani sojan Isra'ila ya harbi Aysenur Eygi a ka, a wurin zanga-zangar adawa da wani matsugunin 'yan kama-wuri-zauna. Shekararta 26, 'yar asalin Turkiyya ce, ta tashi a Seattle, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Olimfiya, wata uku kenan da kammala jami'a. Ita ma ISM ta bi. Rundunar sojan ta ce da alama ba da gangan aka harbe ta ba. Cindy da Craig Corrie, waɗanda yanzu furfura ta rufe musu kai, suka sake fitowa gaban 'yan jarida suna neman gwamnatin Amurka ta yi bincike mai zaman kansa, buƙatar da suka fara gabatarwa a kan 'yarsu shekara 21 kafin nan.