Kwamitin Makaranta da Abin da Ke Gudana Cikin Aji

Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan birnin Tahoua. Kamar kullum ina tare da Baba Malam Habibu, wanda ya daɗe yana shugabancin makarantar firamare kafin ya yi ritaya, da Hajiya Mariyama, wakiliyar iyaye mata a kwamitin makarantar unguwarsu. Baba Malam, tambayar da ta tara mu yau ita ce: shin kwamitin nan na kula da makaranta, da ya haɗa iyaye da malamai, wanda jama'a suka saba kira COGES, yana da ta cewa kan abin da ake koyarwa, ko kuwa aikinsa ya tsaya ga zana da katanga?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Sani. Sai mu fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Manhajar karatu, tun daga ajin CI, wato aji ɗaya, har zuwa CM2, wato aji shida, ma'aikatar ilimi ce take tsara ta a Yamai, kuma sufeto da masu ba malamai shawara su ne suke da hurumin shiga aji su duba yadda ake gabatar da darasi. Kwamiti ba ya rage komai daga manhaja, ba ya ƙarawa. A Ingila majalisar makaranta ce take ɗaukar shugaban makaranta aiki, tana kuma amincewa da kasafin kuɗi, amma namu tsarin bai kai can ba. Abin da aka danƙa wa kwamitinmu, wanda tun 2012 sunansa a hukumance ya koma CGDES, shi ne tsara ayyukan shekara, da tattara gudummawa, da kula da kayan karatu, da sa ido kan zuwan yara da malamai.

Hajiya Mariyama: Malam, wannan na ƙarshen da ka ambata a gurguje, ni a wurina shi ne kan maganar. Manhaja komai kyanta tana buƙatar kwanaki. Ana buɗe makaranta a watan Oktoba, amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbin hatsi an sami kara, kuma da zarar hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ajin ya tashi. Sannan ga ranar kasuwa, ga malamin da ya tafi neman albashinsa a gari ya kwana biyu ko uku. Idan aka lissafa, sai a tarar littafin da aka tsara don wata tara an ba shi wata shida.

Sani: To Hajiya, ke da kika sha faɗa mana ba ki yi karatun zamani ba, ta yaya kike gane cewa an yi darasi ko ba a yi ba?

Hajiya Mariyama: Ɗana, rashin karatu ba rashin ido ba ne. Kowace yamma ina karɓar kayen jikata, wato littafin rubutunta, in buɗe. Na san inda ake rubuta kwanan wata a saman shafi, kuma na san lambobi. Idan na ga shafin Litinin, sannan na gaba ya zama na Alhamis, na san kwana biyu sun faɗi. Ina kuma duban jan biro: idan shafi goma sun wuce babu alamarsa, to malam bai duba aikin ba. Na koya wa matan ƙungiyarmu haka, yanzu kowace tana zuwa taro da kaye biyu ko uku ƙunshe a gefen mayafi.

Malam Habibu: Hajiya ta yi gaskiya, kuma zan faɗi abin da ya faru da ni. Wata shekara muka yi alfahari da cewa kwamitinmu ya kafa azuzuwa uku na zana, ya sayi randuna, ya gyara tebura. Ana cikin babban taro wani dattijo ya miƙe, ya jawo jikansa ɗan ajin CE2, wato aji huɗu, ya miƙa masa takardar gayyatar taron da ni na rubuta da hannuna, ya ce ya karanta. Yaron ya riƙe takardar yana kallon ƙasa. Shekara huɗu yana zuwa makarantata, layi ɗaya ya gagare shi. Ranar na gane cewa rahotonmu duk na kaya ne, babu inda muka ambaci karatun yaro.

Sani: Kuma ba makarantarka kaɗai ba ce, Baba. Binciken PASEC na 2014, mai auna ƙwazon ɗaliban firamare, wanda aka yi a ƙasashe 10 na Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na yaran da ke ƙarshen firamare bai kai matakin da ake bukata a karatu ba. A binciken 2019 an ɗaga zuwa kusan uku cikin goma.

Malam Habibu: An ci gaba, amma bakwai cikin goma ba ƙaramin adadi ba ne. Abin da nake so matasa su sani shi ne, jihar Tahoua ce ta fara gwada hanyar da ta raya waɗannan kwamitoci. A 2004 shirin "Makaranta Don Kowa", da tallafin hukumar JICA ta ƙasar Japan, ya soma aiki a nan da sharaɗi mai sauƙi: a zaɓi wakilan iyaye ta ƙuri'ar asiri maimakon maigari ya nuna nasa, a tsara ayyuka a gaban jama'a, a kuma dawo a ba da lissafi a gabansu. Daga baya aka bazu da tsarin ko'ina cikin ƙasa. Mataki na gaba da shirin ya kawo shi ne wanda ya fi burge ni, wato a yi wa yara gwajin lissafi mai sauƙi, a kai sakamakon babban taro, sannan jama'a su shirya darussan ƙari bayan an tashi, a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba.

Hajiya Mariyama: Mun yi haka, kuma ranar bayyana sakamako ba ta da daɗi. An jingina allo a gindin dogon yaro, darakta, wato shugaban makaranta, ya zana layuka, ya ce waɗannan sun iya tarawa, waɗannan ko lamba ba su gane ba. Wasu iyaye suka fara ɗaga murya kan malamai. Sai shugabanmu ya ce kowa ya fara faɗin kwana nawa ya hana ɗansa zuwa saboda talla ko kiwo. Wuri ya yi tsit. Daga nan aka yi maganar fitilu masu aiki da hasken rana, da ɗaliban sakandare biyu da suka yarda su riƙa zama da ƙananan bayan la'asar.

Sani: Baba Malam, a nan ne nake da damuwa. Malamai da yawa ƴan kwantiragi ne, horonsu gajere, albashinsu kan makara. Anya wannan sa ido ba zai zama cin fuska ba?

Malam Habibu: Yana iya zama, idan kwamiti ya wuce gona da iri. Ban yarda uba ya shiga aji ya gyara wa malami darasi a gaban yara ba, domin ranar da aka yi haka malamin ya rasa ajinsa. Idan yaran wani aji sun gaza, hanyar ita ce a zauna da darakta, wanda shi ma mamba ne a kwamitin tare da wakilin malamai, shi kuma ya nemi mai ba da shawara ya zo, ko ya kai matsalar taron CAPED inda malaman yanki suke koya wa juna. Kuma kwamitin da yake son ya tambayi malami dalilin fashinsa, ya kamata ya riga ya san inda malamin yake kwana da inda yake samun ruwa.

Hajiya Mariyama: Na yarda da kai, Malam, sai dai wuri ɗaya. Idan an kai magana wurin darakta sau biyu, sau uku, kaye yana nan fari, ba za mu zauna jiran sufeton da yake da makarantu da yawa a wuyansa ba. Akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar kwamitoci a matakin ƙaramar hukuma, can za mu kai, kuma da kayen yaran a hannu za mu je.

Malam Habibu: Ku je, Hajiya, amma ku sanar da darakta kafin ku tashi, kada ya ji a bakin wani.

Sani: Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba za mu ɗauki batun koyarwa da harshen gida a ƙananan azuzuwa, kuma Hajiya ta yi alkawarin zuwa da kayen jikarta mu duba tare. Mu kwana lafiya.