Layin da ke kan farce: na tsaye da na kwance

Jama'a barkanmu da war haka. To kowa ya miƙo hannunsa ya matsa wajen haske, mata masu jan farce sai a goge tukuna, lalle kam ba yadda za mu yi da shi.

Ku shafa babban yatsa a kan farcen. In kun ji layuka sirara sun taso daga gindin farce sun nufi baki, a tsaye kenan, kuma shekaru sun haura 40, ku kwantar da hankalinku, yawanci girma ne kawai da bushewa, ga hunturu ga wanki da omo kullum. Man kaɗe ya isa, ni da daddare nake shafawa har fatar gindin farcen. Don Allah a daina kankarewa da reza, farcen kuke sirantawa.

Wanda nake so ku kula shi ne na kwance, wanda ya ratsa farce daga gefe zuwa gefe ya yi ɗan kwarmi. Wannan farcen ne ya tsaya da girma lokacin da jiki ya sha wuya, zazzaɓi mai zafi, taifot, tiyata, ko suga da ya ƙi saituwa, da ya ci gaba sai ya bar shaida. Farce na tsiro kamar milimita 3 a wata, na hannu nake nufi, na ƙafa ya fi jinkirin tsiro sosai. Hajiya ke kin san wannan, in kin sa lalle ai kina ganin jan yana tafiya gaba fari na biyo shi. To in kwarmin yana tsakiyar farce, ki tuna me ya same ki wajen wata 3 baya. In yatsa ɗaya ne ƙila ƙofa ce ta datse ki, amma in duk yatsu ne a wuri guda, ko yana ta dawowa, a je asibiti a auna suga da jini.

Farcen da ya lotsa kamar cokali har ɗigon ruwa ya zauna a kai, sau da yawa ƙarancin jini ne, mata ku kula.

Sai baƙin layi a tsaye. Mu baƙar fata da yawa muna da shi a yatsu da dama, ba komai. Amma sabo a yatsa ɗaya, yana ƙara faɗi, baƙin har ya hau fata, wannan kar a tsaya shan jiƙo, likitan fata za a nuna wa da wuri don akwai kansar da ke farawa haka. Bari mu ɗauki kira na farko, salamu alaikum, daga ina?