Abin da Kirista yake nufi idan ya ce Littafi Mai Tsarki hurarre ne

Iyayenmu da 'yan uwanmu masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Duk wanda ya tashi a Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zango a nan Accra ya san cewa Kirista da Musulmi sukan yi haya a gida ɗaya, su ɗebi ruwa a famfo ɗaya, kuma idan hira ta yi daɗi bayan an ci abincin dare, ba wuya a taɓo maganar littattafan addini. Tambayar da aka fi yi wa Kirista a irin wannan zama ita ce: tun da ku da bakinku kun ce Bulus ne ya rubuta wannan, Luka ne ya rubuta wancan, ta yaya kuma littafin ya zama maganar Allah? Mai wannan tambaya yana da gaskiyarsa, kuma ya cancanci a amsa masa a tsanake, domin Kiristoci da yawa ma ba su taɓa zama sun warware wa kansu ita ba.

Kalmar da komai ya rataya a kanta tana cikin wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 3, aya 16, inda aka ce kowane Nassi hurarre ne daga Allah. Kalmar Helenanci da ke wurin ta haɗa sunan Allah da numfashi, wato abin da aka rubuta daga numfashin Allah ya fito. Wasiƙar Bitrus ta biyu, sura 1, aya 21, ta nuna yadda abin ya auku: mutane ne suka yi magana, amma Ruhu Mai Tsarki ne yake iza su, kamar yadda iska take tura jirgin ruwa. Saboda haka a wurin Kirista littafin yana da mawallafi biyu a lokaci guda. Allah ne tushen saƙon, mutum kuma ya rubuta shi da harshensa, da iliminsa, da halinsa.

A nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin tsohuwa ta kira jikanta ɗan makaranta, ta zaunar da shi a kan tabarma, tana faɗa yana rubutawa, domin a aika wa danginta wasiƙa a Bawku ko Tamale. Yaron hannu kawai ya bayar, ko kalma ɗaya ba tasa ba ce. Akwai wurare a cikin Littafi Mai Tsarki da suka yi kama da haka, inda annabi yake cewa ga abin da Ubangiji ya faɗa, amma mafi yawan littafin ba ta wannan hanya ya zo ba. Luka, wanda likita ne, ya buɗe Bishararsa da bayanin cewa ya bi diddigin al'amura tun daga farko, ya dogara ga abin da waɗanda suka gani da idonsu suka bayar, sannan ya tsara labarin bi da bi domin wani mutum mai suna Tiyofilus ya tabbatar da abin da aka koya masa. Amos makiyayi ne daga Tekowa, mai lura da itatuwan ɓaure, kuma maganarsa cike take da zaki, da tumaki, da keken da aka labta wa dammunan hatsi. Dawuda a cikin Zabura yana kuka, yana tambayar Allah har yaushe zai manta da shi.

Akwai wata aya da nake so ku duba da kanku, domin ni dai tana taɓa zuciyata duk lokacin da na karanta ta. A cikin wannan wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, wadda ta ce Nassi hurarre ne, sura ta gaba kawai, aya 13, Bulus yana kurkuku, damina mai sanyi tana gabatowa, sai ya roƙi Timoti ya zo masa da alkyabbar da ya bari a Tarwasa, da littattafansa, musamman na fata. Dattijo ne mai jin sanyi yake neman rigarsa. Ikkilisiya ba ta goge wannan aya ba, ba ta kuma ji kunyarta ba, domin bangaskiyar Kirista gaba ɗaya ta tsaya ne a kan cewa Allah yakan sauko ya shiga rayuwar mutane yadda take. Kirista ya gaskata cewa Kalmar Allah ta zama mutum cikin Yesu Almasihu, saboda haka bai yi mamaki ba da ya ga rubutacciyar maganar Allah ta zo da muryar mutane.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi: shin abin da ke hannunmu yau shi ne abin da aka rubuta tun farko? Takardun asali da hannun Ishaya ko na Bulus ya taɓa sun ɓace, kwafi ne ya rage, kuma har zuwa lokacin da aka fara buga littattafai da inji a ƙarni na 15, da hannu ake kwafar kowane shafi. Abin da ke ba masana ƙarfin gwiwa shi ne yawan kwafin da tsufansu. Na Sabon Alkawari a Helenanci kaɗai sun haura 5,000, wasu cikakku, wasu 'yan gutsattsari. A ɗakin karatu na John Rylands da ke Manchester a Ingila akwai wani guntun takarda da bai kai tafin hannu ba, ɗauke da wasu ayoyi daga sura 18 ta Bisharar Yahaya, wanda yawancin masana suka ce na ƙarni na 2 ne. Akwai kuma wani kwafin hannu da ake kira kundin Sina'i, na ƙarni na 4, mai ɗauke da Sabon Alkawari duka.

Na Tsohon Alkawari ya fi ban sha'awa. Cikakken kwafin Ibrananci mafi tsufa da ke hannunmu yau shi ne wanda aka rubuta a wajajen shekara ta 1008. A 1947 sai wasu makiyaya Larabawa suka tarar da tuluna a cikin kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, kuma a cikin abin da aka fitar akwai littafin Ishaya a naɗe, kusan cikakke, wanda aka rubuta fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Tsakanin waɗannan kwafi biyu akwai fiye da shekara 1,000. Da aka jera su aka kwatanta, an sami bambance-bambance da dama, amma galibinsu na rubutun kalma ne da ƙananan sauye-sauyen nahawu, saƙon annabin kuwa yana nan yadda yake, har da sura 53 da Kiristoci suke karantawa game da Bawan da ya sha azaba.

Ba daidai ba ne Kirista ya ce babu bambanci ko kaɗan tsakanin kwafe-kwafen, domin akwai. Masu kwafa sukan tsallake layi, su maimaita kalma, wani lokaci su shigar da bayanin gefe cikin nassi. Wurare biyu ne suka fi girma: ƙarshen Bisharar Markus, sura 16 daga aya 9 zuwa 20, da labarin matar da aka kama da zina, daga Yahaya 7:53 zuwa 8:11. Dukansu babu su a cikin kwafin Helenanci mafi tsufa. Idan kun buɗe yawancin bugun zamani za ku ga an rubuta wannan bayani a ƙasan shafi, a fili, inda kowane mai karatu zai gani. A ganina wannan fitowa fili tana ƙara wa littafin daraja, domin yawan kwafin ne ya sa aka iya gane inda wani ya ƙara ko ya rage, kuma babu wata babbar koyarwar Kirista da ta dogara kacokan ga ayar da ake shakka a kanta.

Game da adadin littattafan, Afirka tana da hannu sosai. Atanasiyus, bishop na Iskandariya a Masar, shi ne ya lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda suke yau, a wasiƙarsa ta Ista ta shekarar 367, sannan taron shugabannin ikkilisiya na Kartaj na 397 a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu ya amince da su. Furotesta suna da littattafai 66, Katolika 73, kuma bambancin duka a Tsohon Alkawari yake. Haka nan akwai bambanci wajen bayyana amincin Nassi. Taron Batikan na biyu, babban taron Katolika, a 1965 ya ce littattafan suna koyar da gaskiyar da Allah ya so a rubuta saboda cetonmu ba tare da kuskure ba, wasu malaman bishara kuma da suka taru a Chicago a 1978 suka ce rubutun asali ba shi da kuskure a duk abin da ya tabbatar, har da tarihi.

Saura maganar fassara, wadda ta shafe mu kai tsaye. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, wasu sassa na Daniyel da Ezra da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuma da Helenanci. Yesu da kansa Aramiyanci ya fi yi, ke nan marubutan Bishara sun riga sun fassara maganarsa tun daga ranar farko. A Markus 5:41, inda ya tashi wata yarinya daga mutuwa, marubucin ya ajiye kalmomin da Yesu ya furta da harshensa, sannan nan take ya fassara su ga masu karatu. Manzanni ma sau da yawa fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari, wadda aka soma yi a Iskandariya, suke ɗauko ayoyi daga ciki. Wannan ne ya sa Johannes Zimmermann na mishan ɗin Basel, wanda ya zauna a Osu, ya duƙufa tare da 'yan ƙasa har aka kammala Littafi Mai Tsarki da harshen Ga a 1866, Johann Christaller da abokan aikinsa suka kammala na Twi a 1871, na Hausa cikakke kuma ya fito a 1932. Babu mai fassarar da ake cewa hurarre ne kamar annabawa, shi ya sa ake sake duba aikinsu a gyara, amma matar da take karanta Zabura da Hausa a ɗakinta a Madina tana da tabbacin cewa Allah ne yake yi mata magana.

Duk da haka, idan kun tambayi dattijon ikkilisiya dalilin da ya sa ya amince da littafin nan, da wuya ya fara da tuluna ko kundaye. Zai ce Yesu ya amince da shi: sau uku Shaiɗan ya gwada shi a jeji, sau uku ya amsa da cewa a rubuce yake, yana ɗauko ayoyi daga Maimaitawar Shari'a, kuma bayan tashinsa daga matattu ya bi da almajiransa ta cikin Attaura, da Annabawa, da Zabura, yana nuna musu abin da aka rubuta game da shi. Zai ƙara da cewa Ruhun da ya iza marubutan shi ne yake shaida wa zuciyar mai karatu, kuma zai iya nuna muku shafin da ya riƙe shi a daren da ya yi rashin ɗansa, wanda gefensa ya yi baƙi saboda yawan buɗawa.