Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu a Taron Matasan Mawaƙa, Gusau

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakuna, malamai, 'yan jarida, da ku matasa da kuka cika wannan zaure, sannunku da zuwa.

Ranka ya daɗe, barka da sauka Gusau. Ka baro ofis da tarin mawaƙan da ke ƙarƙashin kamfaninka, ka sha doguwar hanya domin ka zauna da yaran da ko sunansu ba ka taɓa ji ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ƙasar Zamfara da ka taka yau ta san waƙa tun da daɗewa. A nan aka haifi Musa Ɗanƙwairo na Bakura, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi. Su kam sun san ubangidansu, sun san inda doki da riga za su fito. Yaranmu masu hip hop ba su da wannan gata.

Ka je Tudun Wada ka gani: shago ɗaya, an manna kwalin ƙwai a bango saboda sauti, janareta na ruri a waje, yara biyar sun haɗa kuɗi sun ɗauki waƙa. Kafin mako ya zagayo tana cikin wayar kowane ɗan acaɓa, masu tura waƙa a kasuwa sun ci riba, mai waƙar ko kuɗin kati bai samu ba. Wani ma ya sa hannu a takarda da Turancin da bai fahimta ba, waƙarsa ta zama ta wani har abada.

Shi ya sa muka nemi irinka. Mun ji yadda Russell Simmons da Rick Rubin suka kafa kamfanin waƙa na Def Jam a New York a 1984, daga ɗakin kwanan ɗalibai. A gida kuma Audu Maikori da abokansa sun kafa kamfanin waƙa na Chocolate City a 2005, suka ɗauko M.I da Ice Prince, yaran Jos, suka kai su inda duk Najeriya ta san su. Jos fa Arewa ce.

To, Yallaɓai, ba motoci muke roƙo ba. Ka warware wa yaran nan yarjejeniya layi-layi: wa ke mallakar asalin waƙar, kashi nawa ne na mawaƙi, yaya kuɗin YouTube da Audiomack ke isowa hannu, me dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta ba su. In lokaci ya ba ka dama, akwai waɗanda suka shirya su rera maka kai tsaye bayan sallar la'asar.

Bismillah, Ranka ya daɗe, ga makirufo.