Lacca kan Takakia, gansakukar da ta rikita masana

Jama'a, barkanmu da war haka. Alamomi uku na ce zan kawo muku na gane Takakia, wata gansakuka da ba kasafai ake cin karo da ita ba sai a kan manyan duwatsu masu sanyi da laima.

Alama ta farko ita ce ganye. Idan kuka ɗora mata gilashin ƙara girma, ba za ku ga faffaɗan ganye irin na sauran gansakuka ba, sai wasu siraran zaruruwa kore shar, kowane ganye ya rabu gida biyu zuwa huɗu kamar yatsu. Wannan ganyen ne ya ɓatar da masana fiye da shekara ɗari. A 1861 William Mitten, wani masanin tsirrai ɗan Ingila, ya duba samfurin da aka ɗebo daga tsaunukan Himalaya, ya jefa shi cikin wani rukunin tsirrai daban. A 1951 Noriwo Takaki, masanin tsirrai ɗan Japan, ya sake tsintar ta a duwatsun Japan, aka raɗa mata sunansa a 1958, amma Japanawa da kansu suna kiranta da wani suna mai ma'anar "wai mece ce wannan?" Na ga kuna dariya, to ai masana ma tambayar da suka yi ta yi ke nan. Gardamar ba ta mutu ba sai wajen 1990, da aka samu kwanson irinta a tsibiran Aleutian na Alaska, kwanso mai tsagewa a murɗe ta gefe ɗaya, sannan aka tabbatar gansakuka ce.

Ta biyu, ba ta da siraran gashin da 'yan'uwanta ke kama dutse da su. Idan kuma ta bushe tana ƙamshin kirfa. Wannan ta uku ke nan, ko ta huɗu, tunda na riga na ambaci kwanso.

Malama a baya tana tambayar inda za a je a gan ta. Akwai ta a Japan, da Dutsen Kinabalu na Borneo, da yammacin Kanada, da kuma Tibet, inda take rayuwa a tudun da ya haura mita 4,000, dusar ƙanƙara na binne ta kusan wata takwas a shekara. Sai dai, Malama, binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa a Tibet ɗin tana raguwa da kusan kashi 1.6 cikin ɗari duk shekara yayin da wurin ke ƙara ɗumi, saboda haka in kin je, ki ɗauki hoto, kada ki tuge ta.