Tabilet zai iya maye gurbin laftof wajen toren da kallo?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Nura da Sadiq. Ga maganar yau: mutum yana da tsohon laftof, batirinsa ya mutu, sai an jona shi da wuta yake tashi. Ba abin da yake yi da shi sai kallo da sauke manyan fayiloli ta toren. Ya sayi tabilet ya huta, ko ya ƙara kuɗi ya sake laftof? Malam, bismillah.

Nura: To Malama Hadiza, aiki biyu ne aka haɗa a tambaya ɗaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. In kallo ne, tabilet ya fi. Ba ya jan wuta sosai, fawa-bank na cika shi, ga shi ba nauyi. Laftof kuwa cajarsa kaɗai takan kai wat 45 zuwa 65, in an ɗauke wuta sai inbata ko janareta. Sannan a 2024 Netflix ta cire damar ajiye fim daga manhajarta ta Windows, amma a tabilet har yanzu kana iya sauke fim inda Wi-Fi yake, ka kalla daga baya.

Sadiq: Amma Malam, ba kowane tabilet ba. Akwai tarkon da masu sayen na araha suke faɗawa. Za ka ga an rubuta a kwali allon 1080p ne, ka buɗe Netflix hoton ya fito dishi-dishi. Ba laifin network ba ne. Akwai wani makullin kare fina-finai na Google mai suna Widevine. In na'urarka tana matakin L1, za a iya ba ka hoto mai kyau. In tana L3, ko intanet ɗinka ya kai yaya, ba za ka wuce wajen 480p ba.

Hadiza: Yaya mutum zai gane tun yana shago?

Sadiq: Ya sa manhajar DRM Info, Anti Hadiza, 'yar ƙarama ce. Da ya buɗe zai ga inda aka rubuta matakin. Ko ya shiga saitin manhajar Netflix ɗin kanta, wajen da take nuna bayanin kunna bidiyo. Ya duba kafin ya miƙa kuɗi, don wannan ba abin da ake gyarawa a wurin mai gyaran waya ba ne.

Nura: A kuma lissafa data. Netflix da kanta ta ce hoto mai kyau yana cin har gigabait 3 a awa, 4K kuma har 7. A allon inci 10, 720p ya wadatar, ido ba zai ga wani babban bambanci ba.

Hadiza: To mu shiga toren, don nan ne rigimar take. Amma a fara da yadda yake aiki, saboda wanda bai sani ba.

Nura: Bram Cohen ne ya ƙirƙiro BitTorrent, wato toren, a 2001. Maimakon kowa ya ja fayil daga wuri ɗaya, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa. Kamar ɗalibai ne da suka raba shafukan littafi guda, kowa ya kwafi nasa ya ba na kusa da shi, har kowa ya haɗa cikakke. Ka ga ke nan kana karɓa kana bayarwa a lokaci guda. Hanyar kanta halas ce, da ita ake raba manhajojin kyauta irin su Ubuntu da LibreOffice, da dubban littattafai da tsofaffin fina-finai na Internet Archive. Amma ɗaukar fim ɗin wani ba da izininsa ba cin haƙƙi ne, Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana, kuma kowa ya ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar Kannywood.

Sadiq: Abu na farko: in iPad ne, a ajiye maganar. Apple ba ta karɓar manhajojin toren a App Store. Akwai hanyoyin bayan fage, amma wahalarsu ta fi amfaninsu. A Android ne ake da LibreTorrent da Flud da BiglyBT. Ni LibreTorrent zan ce a ɗauka, kyauta ce kuma ba talla a cikinta.

Hadiza: Ƙorafin da aka fi yi shi ne, mutum ya bar abu yana sauka da dare, da asuba ya tarar ya tsaya a kashi 30. Me ke jawo haka?

Sadiq: Android ce da kanta. Tun daga Android 6 aka sa mata tsarin Doze: da allo ya mutu, na'urar tana ajiye ba a jone da caji ba, sai ta fara yanke wa manhajoji intanet don tanadin batir. Wasu kamfanonin ma sun ƙara nasu tsaurin, su kashe manhajar gaba ɗaya. Maganinsa, a shiga saiti, a zaɓi manhajar, a shiga ɓangaren batir, a mai da shi Unrestricted, wato ba takunkumi. A cikin LibreTorrent kuma a kunna zaɓin da ke hana furosesa barci. Sannan a bar shi a caji.

Nura: Sai dai barinsa a caji kwana da kwanaki shi ma matsala ne. Batirin lithium ba ya son zama a kashi 100 cikin zafi, kuma toren aiki ne da ke ɗumama na'ura, tabilet kuma ba shi da fanka. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, in aka ajiye shi kan katifa yana caji yana saukewa, ana gayyato kumburin batir ne. A cire masa riga, a ɗora shi kan tebur ko tayil. In yana da zaɓin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kamar na Samsung, a kunna.

Hadiza: Wurin ajiya fa? Yawancin na araha gigabait 64 ne, Android ta riga ta cinye wani kaso.

Nura: Nan ne ya kamata mu daɗe. Mutum zai ce ai sai in sa memori. To, in memorin gigabait 32 ne ko ƙasa da haka, yawanci da tsarin ajiye fayil mai suna FAT32 yake zuwa, kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Fayil zai yi ta sauka lafiya, yana kai wurin ya tsaya da kuskure. Daga 64 zuwa sama da exFAT suke zuwa, shi ba shi da wannan iyakar. Na biyu, toren ba ya rubuta fayil a jere daga farko zuwa ƙarshe. Gunduwar da ta fara isowa ita ake rubutawa, nan da can. Memori mai rauni yana shan wuya da irin wannan rubutun, sai ka ga gudun ya hau ya faɗo alhali intanet lafiya lau. A nemi wanda aka buga wa alamar A1 ko A2 a jiki.

Sadiq: Ga kuma jabu. Memori ya nuna 128, ainihinsa bai wuce 8 ko 16 ba. Da ya cika sai ya koma yana rubutu kan abin da ke ciki. Alamarsa a toren: abu ya kai kashi 100, a sa manhajar ta sake tantance shi, sai ya dawo 60. A gwada sabon memori da manhajar H2testw a kwamfuta kafin a yarda da shi. Ka ga ko a nan an koma neman laftof.

Hadiza: In mutum ya ce zai jona had-disk na waje fa?

Sadiq: Zai iya, amma da sharaɗi. Had-disk mai juyawa yana jan wuta sosai lokacin tashi, tabilet da yawa ba sa iya ba shi. Za ka ji yana ƙas-ƙas, ya bayyana ya ɓace. Sai an sa mahaɗin USB-C mai shigar caji a gefe, ko a yi amfani da SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa. Kuma in daga Windows ya fito, galibi da tsarin ajiye fayil na NTFS yake zuwa: iPad karantawa kawai yake yi, Android da yawa ma ba sa rubutu a kai. A kwashe kayan ciki, a mai da shi exFAT. Sannan ramin USB-C na masu araha yawanci USB 2.0 ne a ciki, kwafi bai cika wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa ba, kuma ba ya fitar da hoto zuwa talabijin ko an sayi wayar HDMI. iPad da manyan Galaxy Tab S suna fitarwa, amma ba duk masu sunan Lite ko FE ba.

Nura: Akwai abin da ya shafi laftof da tabilet duka, in da layin waya ko MiFi ake aiki. Kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa a bayan adireshin intanet guda, don haka wasu ba za su iya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, kai ne kawai kake iya zuwa wurinsu. Toren mai masu rabawa da yawa ba zai damu ba, amma mai mutum biyu ko uku zai yi ta jan ƙafa. Kuma abin da kake bayarwa ma daga datarka ake cira. Fayil na gigabait 2, in ka mayar da kwatankwacinsa, 4 ka kashe. A sa iyakar bayarwa, a kuma rage yawan masu rabawar da manhajar ke haɗuwa da su zuwa 50 ko 100, don ƙaramin MiFi yana shaƙewa in sun yi yawa, har WhatsApp na mutanen gida ya daina shiga.

Hadiza: Bayan an sauke kuma, sai hoto ya fito babu murya.

Sadiq: Wannan sautin DTS ne ko EAC3, MX Player ba ta karanta su sai an ƙara mata wani fayil. A sa VLC kawai. In kuma hoton ne ke tsinkewa, a duba sunan fayil ɗin: in an ga x265 10-bit ko AV1, nau'o'in matse bidiyo ne, mai yiwuwa furosesan na'urar ba ya warware su da kansa. A ɗauki na x264, ya fi girma amma kusan komai yana buɗe shi. Kuma duk bidiyon da ya zo da .apk ko .exe a ƙarshen suna, ba bidiyo ba ne, a goge.

Hadiza: Malam, shi wannan mai tsohon laftof ɗin, me za mu ce masa?

Nura: In fayil ɗaya ko biyu yake saukewa a mako, tabilet na Android mai L1 da memori na gaske ya ishe shi. In kuwa mai tara kaya ne, ya sayi tabilet ɗin amma kada ya sayar da laftof. Ya sa masa manhajar toren ta qBittorrent, ya kunna Web UI a cikin saiti, wato shafin da ake sarrafa ta ta burauza, ya sa kalmar sirri, ya saita shi kada ya yi barci in an rufe murfi. Daga tabilet sai ya buɗe burauza ya rubuta adireshin laftof ɗin da lambar 8080 a ƙarshe, ya riƙa tura masa aiki daga inda yake zaune. Kallo kuma ya sa wa laftof ɗin Jellyfin, manhajar da ke tura bidiyo zuwa tabilet, ita lambarta 8096 ce, ko ya raba folda ya buɗe ta da VLC.

Sadiq: Su biyun su kasance a Wi-Fi ɗaya, in da hali a kan 5GHz. Wannan kallon a cikin gida yake yawo, ba ya taɓa data. Sai dai tunda batirin laftof ɗin ya mutu, in aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, da ya tashi a danna Force recheck kafin a ci gaba, don ya gano gunduwar da ta lalace ya sake ɗauko ta.

Hadiza: Madalla. Malam Nura, Sadiq, mun gode. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.